Nagarta da mugunta: shin al'ada ce ke raba su? Abin da shari'ar Hadijatou Mani ta nuna

A duk lokacin da gardama ta tashi a Nijar kan auren wuri, ko gadon mata, ko matsayin zuriyar bayi, akwai maganar da ake rufe bakin abokin gardama da ita: "Ai al'adarmu ce." Wasu su ce kowa da addininsa, wasu kuma su ce kowa ya bi abin da zuciyarsa ta kwanta da shi. Tambaya guda ce ke ƙarƙashin waɗannan amsoshi, kuma ita ce ɗaliban ajin ƙarshe na lise ke cin karo da ita a darasin falsafa kafin jarabawar BAC: shin abu yana zama mai kyau ko mummuna don kawai wata al'umma ta ɗauke shi haka, ko akwai ma'aunin da ita kanta al'ummar za a iya auna ta da shi?

Tambayar ba ta tsaya a aji ba. Tsakanin 2006 da 2008 kotuna sun yi ta kai da kawo a kanta, daga Birnin Konni zuwa Yamai, kuma amsar da kowace kotu ta bayar ita ce ta yanke ko wata mata za ta kwana a ɗakin mijin da ta zaɓa, ko a gidan wanda ya saye ta, ko a gidan kaso.

Abin da ya faru a Konni

A shekarar 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana da shekara 12, ga wani magidanci na yankin Birnin Konni a jahar Tawa, a kan kuɗi jika 240 na sefa. An kai ta gidansa a matsayin wahaya. Wahaya mace ce da ake saye daga zuriyar waɗanda ake ɗauka bayi, a ajiye ta bayan mata huɗun da Musulunci ya ƙayyade, abin da ya sa ake mata laƙabi da "mata ta biyar". Ba a biya mata sadaki, ba a ɗaura mata aure, ba ta da haƙƙoƙin matar aure. Ita ke aikin gida da na gona, maigida kuma yana kwana da ita. An fi sanin wannan al'ada a yankunan Konni, Madawa, Buza da Illela, wasu matan kuma akan ƙetara iyaka da su zuwa arewacin Najeriya.

Shekara tara Hadijatou ta yi a wannan hali, har ta haihu a gidan. A 2003 Nijar ta gyara kundin hukunta laifuka, bautar da mutum ta zama babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A watan Agustan 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma da ta tashi tafiya sai ya hana ta, yana cewa ai matarsa ce.

Ta kai ƙara kotun da ke duba al'amuran al'ada a Konni. A watan Maris na 2006 kotun ta ce babu wani aure a tsakaninsu, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Bayan wata uku babbar kotun Konni ta rushe wannan hukunci, ta jingina da al'ada ta ce baiwar da aka ƴanta tana nan a matsayin matar ubangidanta. Ana cikin wannan ja-in-ja Hadijatou ta auri mutumin da ta zaɓa. Tsohon ubangidan ya kai ƙararta da laifin aure kan aure, a 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma yi kimanin wata biyu a gidan kaso kafin a sake ta.

Da taimakon ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 domin yaƙi da bauta a Nijar, da wasu ƙungiyoyin waje, ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun CEDEAO. Kotun ta zo ta zauna a Yamai, kuma ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke cewa an bautar da Hadijatou, cewa hukumomi da alƙalan ƙasar sun ga halin da take ciki ba su kare ta ba, sannan ta umurci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa.

Alƙalan da suka saɓa wa juna a Konni ƴan ƙasa ɗaya ne, a gari ɗaya suke zama, kuma dukkansu da al'ada suka kafa hujja. In da al'ada ce kaɗai ke raba nagarta da mugunta, da ba a san wanda za a bi a cikinsu ba.

Hujjar masu cewa kowa da nasa

Duk da haka, ra'ayin cewa kyau da muni sun dogara da al'ada ba maganar banza ba ce, kuma tsoho ne. Herodotus, marubucin tarihi na Girka da ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo labarin sarki Dariyus na Farisa. Sarkin ya tara Girkawa, waɗanda ke ƙone gawar iyayensu, ya tambaye su nawa za a ba su su ci naman gawar. Suka ce ko nawa ne ba za su yi ba. Ya kira wata ƙabila ta Indiya da aka ce tana cin gawar iyayenta, ya tambaye su nawa za a ba su su ƙone ta. Suka yi kururuwa suka ce kada ya ƙara faɗin wannan saɓo. Daga nan Herodotus ya kammala cewa kowace al'umma tana ganin al'adarta ce ta fi. A 1580 Montaigne na Faransa ya dawo da wannan tunani a rubutunsa kan mutanen Barazil, inda ya nuna cewa mutum yakan kira duk abin da bai saba da shi ba dabbanci, alhali Turawan zamaninsa suna azabtar da juna da sunan addini.

Ba sai an je Girka ba kafin a ga wannan. A ƙasar Hausa uwa takan ƙi kiran sunan ɗanta na fari, takan kau da kai daga gare shi a gaban mutane, kuma wannan kunya ce da ake yaba mata. Baƙon da bai sani ba zai ce ba ta son ɗanta. Yaro mai tarbiyya a Maraɗi ko Damagaram yana sunkuyar da kai in babba na masa magana, a Faransa kuwa malami zai ɗauka yaron da ya ƙi kallon idonsa yana ɓoye wani abu. Baƙar maganar da Bafulatani da Bamauri ko Babarbare ke jifan juna da ita a wasan taubashi, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2014, in aka faɗe ta tsakanin baƙi biyu faɗa za ta haifar. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Akwai kuma dalilin tarihi da ya sa ƴan Nijar ke ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da "ma'aunin duniya" a aljihunsa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, ta afka wa Lugu ta Sarauniya Mangu, ta ragargaza Birnin Konni, duk a zamanin da Faransa ke cewa wayewa ta kawo wa Afirka. Mulkin da ya haramta cinikin bayi a Afirka ta Yamma a 1905 shi ne ya ci gaba da aikin tilas har 1946. Irin wannan tarihi ne ya sa ƙungiyar masana al'adun ɗan Adam ta Amurka ta gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947, lokacin da ake rubuta sanarwar haƙƙin ɗan Adam, cewa kada a ɗauki ɗabi'un Turai da Amurka a ce na duniya ne. Wannan fargaba tana nan har yau: a 2006 majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, daftarin dokar iyali kuma an sha ɗauko shi ana ajiyewa saboda adawar ƙungiyoyin addini.

Inda hujjar ta gaza

Matsala ta farko ita ce saɓanin mutane a kan abu bai nuna cewa abin ba shi da gaskiya ba. Al'ummomi sun daɗe suna saɓani kan abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, kuma wannan saɓani bai wanke sauro ba. Ganin cewa mutane sun bambanta bayani ne kan yadda duniya take. Cewa saboda haka babu wanda ya yi kuskure wata magana ce dabam, wadda ke buƙatar tata hujjar.

Na biyu, in aka tona bambancin sau da yawa sai a tarar bai kai zurfin da ake zato ba. A labarin Dariyus, Girkawa da Indiyawan duk abu ɗaya suke karewa, wato girmama iyaye bayan sun mutu, hanya ce ta raba su. Uwar da ke ɓoye sunan ɗan fari da wadda ke rungumarsa a kasuwa duk za su hana kansu abinci don ya ci. A 2019 wasu masana na jami'ar Oxford, a ƙarƙashin Oliver Scott Curry, sun duba bayanan al'ummomi 60 na sassan duniya, suka tarar da halaye bakwai da ake yabawa a duk inda aka ambace su: taimakon dangi, taimakon jama'arka, rama alheri, jarunta, girmama na gaba, adalci wajen rabo, da kiyaye kayan mutane. Wanda ya san jerin halayen mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara daga Hausawa a 1974, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, mutunci da adalci, ba zai ji baƙon abu a nan ba.

Inda al'ummomi suka fi rabuwa da gaske shi ne a kan wanda waɗannan halaye suka shafa. Mutumin da ya sayi wahaya ya san fyaɗe mummunan abu ne, ya san sayar da yarinya abin ƙyama ne, kuma da wani ya zo sayen ƴarsa da jini ya zuba. Abin da ya yi shi ne ya fitar da wata yarinya daga cikin jerin ƴaƴan mutane. Haka dokar bayi ta Faransa ta 1685, wadda ake kira Code Noir, ta yi lokacin da ta lissafa bawa cikin kayan mallaka.

Na uku, wanda ya ce "al'adarmu ce" ana iya tambayarsa: al'adar wa? Al'ada ba ta magana da baki ɗaya. Hadijatou ƴar Nijar ce, waɗanda suka kafa Timidria ƴan Nijar ne, alƙalin farko da ya ce babu aure shi ma haka. Idan aka ce al'ada ta yarda da wahaya, muryar mai saye da mai sayarwa aka ji, ba a tambayi wadda aka ɗaura wa ƙarfe a ƙafa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu, ra'ayin yana cin mai shi. In kowace al'umma ita ce alƙalin kanta, to babu bakin da za a zargi Voulet da shi, tunda shi ma zai ce haka ake yaƙi a wurinsu. Babu kuma yadda za a ce soke aikin tilas a 1946 ci gaba ne, sai dai a ce canji ne kawai. Duk mai gyara a cikin al'ummarsa zai zama mai laifi, don ya saɓa wa abin da aka saba. Mutanen da suka fi shan wahalar mulkin mallaka su ne suka fi buƙatar a ce zalunci zalunci ne ko wa ya yi shi.

Abin da malaman addini suka ce

Ga mafi yawan ƴan Nijar amsar tana da sauƙi: abin da Allah Ya yi umurni da shi shi ne mai kyau, abin da Ya hana shi ne mummuna. Sai dai malaman Musulunci da kansu sun yi ƙarnoni suna tattauna ma'anar wannan magana. Tun kafin su, Aflatun na Girka ya yi tambayar a wani rubutu nasa: abu yana da kyau ne don an yi umurni da shi, ko an yi umurni da shi ne don yana da kyau?

Mu'utazilawa, waɗanda suka yi tashe a Basra da Bagadaza a ƙarni na 8 da na 9, sun ce adalci kyakkyawa ne a kansa, zalunci mummuna ne a kansa, kuma hankali yana iya gane haka tun kafin wahayi. Imam Ash'ari, wanda ya bar su a ƙarni na 10, ya ce lada da zunubi ba sa tabbata sai da shari'a, hankali kaɗai ba ya wajabta komai. Wannan ita ce aƙidar da malaman Malikiyya na Afirka ta Yamma suka daɗe suna karantarwa a zaure. Mabiya Imam Maturidi na Samarƙandi suka tsaya a tsakiya, suka ce hankali yana gane kyau da munin wasu abubuwa, amma Allah ne mai hukunci. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin ɓangarorin uku da ya ce al'adar gari ce ma'auni na ƙarshe. Gardamarsu a kan tushen ma'aunin take da yadda ake gane shi.

Wannan bai sa fiƙihu ya yi watsi da al'ada ba. Mazhabar Malikiyya tana cikin waɗanda suka fi ba ta muhimmanci, da sunan urfi. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya karantar da cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana canzawa in al'adar ta canza, kuma bai kamata mai fatawa ya amsa wa baƙo ba sai ya san al'adar garinsu. Yawan sadaki, kayan ɗaki, irin tufafin da ke nuna mutunci da lafazin ciniki duk suna bin gari. Amma malaman sun raba al'ada ingantacciya da ɓatacciya. Binne ƴaƴa mata da rai al'ada ce a wurin wasu Larabawan jahiliyya, Alƙur'ani ya la'ance ta. A gefe guda, Annabi Muhammadu (SAW) ya yabi Hilful Fudul, alkawarin da wasu mutanen Makka suka ƙulla tun kafin annabci na tsaya wa duk wanda aka zalunta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya.

A kan bauta, gaskiyar tarihi ita ce tsofaffin littattafan fiƙihu sun yarda da ita, sun kuma yarda da ajiye ƙwarƙwara, kamar yadda dokokin Rum da na Turai Kirista suka yarda a zamaninsu. Masu ajiye wahaya da wannan suke fakewa. Amma littattafan sun gindaya sharuɗɗa. Sayar da ɗa mai ƴanci babban zunubi ne da hadisi ya yi kashedi mai tsanani a kansa. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawarsa Mi'irajus Su'ud, inda ya ce launin fata ko ƙabila ba sa mai da mutum bawa, ya ambaci mutanen Kano, Katsina, Gobir, Barno da Songai a matsayin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Bai soke bauta ba, amma ya tsaya gaban kasuwar zamaninsa ya ce abin da kowa ke yi haramun ne. Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata ta ƙasar Gobir a 1754, a cikin jahar Tawa ta yau, ya soki sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi kan al'adun mulki da ya ce zalunci ne, irin su ƙwace dukiyar talaka da cin hanci a wurin shari'a. Kuma ko a tsohon fiƙihun, macen da aka ƴanta ba ta zama matar kowa sai da yardarta, da waliyyi, da sadaki, da shaidu. Wannan shi ne ainihin abin da kotun farko ta Konni ta faɗa.

Darasin a nan shi ne addini yana ba mabiyinsa ma'aunin da ya fi al'ada, amma mutane ne ke fassara shi, kuma mai son zuciya yakan ɗauki ayar da ta yi masa daɗi ya tsallake sharaɗin da ke biye da ita.

Lamiri shi kaɗai bai isa ba

Saura amsa ta uku, wato kowa ya bi lamirinsa, muryar nan ta cikin zuciya da ke hana mutum barci in ya yi ba daidai ba. Rousseau ya ɗaukaka ta a littafinsa Emile na 1762 a matsayin alƙalin da ba ya kuskure. A cikin hadisai arba'in na Imam Nawawi ma akwai wanda ya umurci mutum ya nemi fatawar zuciyarsa, ya kuma siffanta zunubi da abin da ke sukar rai, wanda mutum ba ya son a gan shi yana aikatawa. Lamiri ne ya sa yarinyar da aka raina a kan cewa ita baiwa ce ta ƙi yarda da hakan, shi ne kuma ke sa alƙali ko malami ya faɗi abin da zai ɓata wa masu ƙarfi rai.

Amma lamiri ma tarbiyya yake samu, kuma yana iya dushewa. Wanda ya tashi ya ga kakansa da ubansa suna da wahaya zai iya kwana da zuciya ɗaya. Hannah Arendt, wadda ta halarci shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus a 1961, ta lura cewa mutumin da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa yana ganin kansa ma'aikaci ne mai biyayya da ya sauke nauyin da aka ɗora masa. Kwanciyar zuciya ba shaida ba ce cewa mutum yana kan daidai, musamman in abin da zuciyar ta kwanta da shi yana kawo masa riba. So duka so ne, in ji Bahaushe, amma son kai ya fi. Shi ya sa lamiri ke buƙatar a gwada shi da wani abu na waje: a saurari wanda abin ya faɗa wa, a kuma tambayi kai ko za a yarda a yi wa ɗan cikinka haka. Kant na Jamus ya tsara wannan a 1785, inda ya bambanta abin da ke da farashi da abin da ke da daraja: kaya ana sa musu kuɗi a musanya su, mutum kuwa ba a mai da shi abin biyan buƙatar wani kawai. Jika 240 da aka biya a 1996 farashi ne aka sa wa abin da ba shi da farashi.

Matsayin dokar Nijar

Dokar Nijar ta ɗauki hanya ta tsakiya. Dokar tsarin shari'a ta 2004, wadda ke aiki lokacin shari'ar Hadijatou, ta umurci kotuna su yi amfani da al'adar masu ƙara a kan aure, saki, gado da gonaki, kuma alƙali yana zama da masana al'ada da ke ba shi shawara. Amma ta sa iyaka: al'adar ba za ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba, ko dokokin ƙasa, ko ƙa'idojin da suka shafi ƴancin mutum. Haramcin bauta kuma ba daga Turai kaɗai ya zo ba. Yana cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 10 ga Disamban 1948, yana kuma cikin aya ta 5 ta yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda shugabannin nahiyar suka amince da ita a Nairobi a 1981.

Daga wannan shari'a ana iya fitar da tambayoyin da ke taimakawa wajen raba al'adar da ta cancanci a ƙyale ta da wadda ta cancanci a yaƙe ta. Wa ke ɗaukar nauyin al'adar, wa ke cin moriyarta? An tambayi wanda ke ɗaukar nauyin, kuma yana da ikon ya ce a'a ba tare da an doke shi ko an kore shi ba? Masu kare al'adar za su yarda a juya ta a kansu? Kunyar ɗan fari da wasan taubashi suna tsallake waɗannan tambayoyi ba wahala. Wahaya ba ta tsallake ko ɗaya ba. A tsakani akwai batutuwa masu wuya, kamar shekarun aure da rabon gona tsakanin maza da mata, inda mutanen kirki ke saɓani da gaske. Tambayoyin ba sa kashe wannan gardama, amma suna tilasta a shigo da yarinyar da za a aurar da macen da za a hana gona cikin zancen.

Bayan hukuncin 2008 an samu wasu matakai. A 2009 gwamnatin Amurka ta ba Hadijatou lambar yabo ta mata masu jarunta. A 2014 wata kotu a Birnin Konni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya, karo na farko da aka yi hakan a ƙasar. A 2019 wata babbar kotu ta ƙasa ta rufe shari'ar Hadijatou, ta tabbatar cewa zamanta a gidan wanda ya saye ta bai taɓa zama aure ba, kuma al'adar mata ta biyar ba ta da gurbi a doka.

Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, don haka ƙofar da Hadijatou ta bi ba ta nan a buɗe kamar da. Dokar 2003 kuwa ta cikin gida ce, tana nan. Ƙungiyoyin da ke yaƙi da bauta sun sha nuna cewa al'adar ba ta ƙare ba, ta dai ƙara ɓuya, kuma matan da ke cikinta ba kasafai suke da ilimi, kuɗin mota ko dangin da za su raka su kotu ba. Yanzu nauyin ya koma kan alƙalan Konni da Madawa, da sarakunan gargajiya, da limaman da ake kira ɗaurin aure, da maƙwabtan da suka san wace ce ke daka a gidan da ke kusa da su da kuma yadda aka kawo ta.